Ranar Wanka Ba a Ɓoyon Cibi: Sharhi Kan Intabiyun Tallafin Karatu

 Sharhinmu na yau na ɗalibai ne da iyayensu da malamansu, musamman na ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum. Magana ce a kan 'yan mintocin nan da ɗalibi kan zauna gaban kwamitin masu ba da tallafin karatu, su yi masa tambayoyi, ya amsa, daga nan a rubuta sunansa ko a tsallake shi. Yaro ya kwashe shekaru yana karatu da tocila, ya ci jarabawa, ya cike takardu, an kira shi, amma in ya daburce a wannan zama sai a miƙa wa wani.

Su wane ne masu ba da wannan tallafi? Akwai Asusun Bunƙasa Fasahar Man Fetur, wanda aka fi sani da PTDF, da gwamnatin tarayya ta kafa tun 1973. Yana ɗaukar nauyin 'yan Najeriya su yi digiri na biyu da na uku a ƙasashe irin su Ingila da Faransa da Jamus da Malesiya, yana kuma tallafa wa masu karatu a jami'o'in gida. Akwai kamfanin NNPC da abokan hulɗarsa irin su Chevron da TotalEnergies. Akwai kamfanin iskar gas na NLNG, akwai kuma gidauniyar MTN mai tallafa wa ɗaliban kimiyya da fasaha a manyan makarantun gwamnati. Yawancin masu ɗaukar 'yan digirin farko jarabawar kwamfuta suke shiryawa. PTDF kuwa, a shirinsa na ƙetare, sai ya ga mutum ido da ido. Akan zaunar da malaman jami'a da ƙwararrun masana'anta, a shigo da masu nema ɗaya bayan ɗaya, kuma Kaduna tana cikin garuruwan da ake yin wannan zama.

Abin da ya kamata ɗalibi ya fara sawa a ransa shi ne, waɗannan mutane ba zakka suka zauna rabawa ba. Jari suke zubawa. Suna neman wanda in an kashe masa kuɗi zai dawo da ilimin da zai warware wata matsala ta zahiri. Duk tambayar da za su yi maka, ko ta ina suka ɓullo, nan ta nufa: wace matsala ka sani, kuma me za ka yi da ita in mun koyar da kai?

A nan ne 'ya'yanmu kan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu. Wani yana jin nauyin faɗin inda ya fito. Ya san da an ce Anka ko Bukkuyum abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne 'yan bindiga, sai ya yi sauri ya wuce wurin, ya kama zayyano abubuwan da ya haddace daga intanet. Wani kuma sai ya mayar da zaman wurin koke: an kore mu daga ƙauyenmu, gonarmu ba ta nomuwa, mahaifina ba shi da hali, ku taimake ni. Duk gaskiya ya faɗa, kuma 'yan kwamitin za su tausaya masa. Sai dai ba tausayi aka ɗora musu su auna ba. Na farkon ya ɓoye makaminsa, na biyun ya riƙe shi ta wajen kaifi.

Ƙanena, ƙanwata, abin da idonka ya gani a garinku shi ne amsar da babu wanda zai iya ƙwace maka. Bari in tuna mana.

A farkon shekarar 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke zagayen ƙauyuka suna bin sawun sanƙarau, suka lura ƙananan yara suna mutuwa da yawa, da amai da jijjiga, kuma magungunan da aka saba bayarwa ba sa yi musu aiki. Da aka gwada jini sai aka ga gubar dalma ce. Farashin zinare ya tashi a duniya, maza suka duƙufa haƙa. A ɗebo dutse daga rami a buhuna, a kawo cikin gari, a farfasa da guduma, a zuba a irin injin da muke niƙa hatsi da shi, wani ma a daka shi a turmi a tsakar gida, a wanke, a sa zaiba ta kama zinaren, a shanya sauran. Ashe dutsen cike yake da dalma. Ƙurar ta sauka a ƙasan ɗaki, ta sauka a kan kwano da tabarma. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, sau nawa a wuni, Allah kaɗai ya sani. Yara fiye da 400 suka rasu. A ƙauyukan Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza da Bagega a ƙasar Anka. 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Yadda aka shawo kan abin ma darasi ne. Likitoci suka ce ba amfanin ba yaro magani a mayar da shi gidan da gubar take. Sai aka bi gida gida ana kankare ƙasar sama, ana kwashewa a binne ta a wurin da aka tanada, ana zuba sabuwa. Ƙauyuka bakwai aka fara yi tsakanin 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi girma, sai da ta jira har 2013 kafin kuɗin aikinta su fito daga gwamnatin tarayya. Aka koya wa masu haƙa su fitar da niƙa bayan gari, su riƙa jiƙa dutsen don ƙura ta kwanta, su wanke jiki su canza tufafi kafin su shiga wurin iyali. A 2022 MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jiha. Tsaran yaran da ke rarrafe a wancan lokaci su ne yau ke ƙofar jami'a, yayyensu kuma sun gama digiri suna neman na biyu.

To, mu ƙaddara ga wata yarinya daga Bukkuyum, ta karanta ilimin sinadarai a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta yi bautar ƙasa, tana neman digiri na biyu a fannin muhalli. Ta shiga, ta gaishe su, an nuna mata kujera. Shugaban zaman ya ɗago daga kan takardunta ya ce, "Me ya sa kike son wannan fanni?" In ta ce tana da sha'awarsa tun tana ƙarama kuma tana son taimaka wa ƙasarta, ba ta yi ƙarya ba, amma sun ji wannan daga bakin duk wanda ya shigo tun safe. In kuwa ta ce, "Ni daga ƙaramar hukumar da aka yi gubar dalma a 2010 nake. Na san yadda guba ke bin ƙura ta shiga jikin yaro, na san sai da aka kankare ƙasar gidaje kafin magani ya yi amfani. Na karanta cewa a 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto kan yadda mai ya gurɓata ƙasa da ruwan Ogoni. Gubar ta bambanta, amma aikin gwada ƙasa da ruwa da tsabtace su dangin juna ne. Shi nake son in ƙware a kai, don masana'antar mai tana buƙatarsa, garinmu ma yana buƙatarsa." Jama'a, a nan za ku ga alƙaluma sun motsa. Ba ta roƙi kowa ba. Ta nuna ta san ciwon, ta san ilimin, ta kuma san inda buƙatar mai ba da kuɗin ta haɗu da tata.

Haka ɗan Gummi da ya ga ambaliyar watan Agusta na 2024, ya ga yadda ruwa ya cinye gidaje da gonaki, yana da abin faɗa in injiniyan gine-gine ko na ruwa yake son zama. Haka ɗan Anka mai karatun ilimin duwatsu. Sunan Anka da na Maru suna cikin littattafan wannan fanni, domin jerin duwatsun da ke ɗauke da zinare a yankin da sunayen garuruwan ake kiransu. Ɗalibin wata jiha a allo ya ga sunan. Kai a kan dutsen ka yi kiwo.

Sai dai labarin gida shi kaɗai ba ya isa. Dole ka san mai ba da tallafin da abin da ya dame shi. In PTDF ne, ka san an yi sabuwar dokar masana'antar man fetur a 2021, kuma ta yi tanadi don neman mai a sababbin yankuna, ciki har da kwarin Sakkwato da ke maƙwabtaka da mu. Ka san an ƙaddamar da aikin haƙar mai na Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a watan Nuwamba na 2022. Ka san bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, da abin da zai iya yi wa wutar lantarki da masana'antun Arewa. Ka san dalilin da ya sa ka zaɓi jami'ar da ka zaɓa, da darussan da ke cikin kwas ɗin. Sannan ka koma ka karanta aikin bincikenka na ƙarshen digiri da takardar da ka rubuta ta bayanin manufarka, domin daga cikinsu za a tsamo tambayoyi. Wanda ya ba wani ya rubuta masa, a nan asirinsa ke tonuwa, tambaya biyu ta ishe shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Yanzu ga abin da ya fi yi mana wuya, wato kunya. Mun tashi an hore mu kada mu haɗa ido da babba, kada mu ɗaga murya gabansa, kada mu faɗi abin da muka iya, domin yabon kai jahilci ne. Tarbiyya ce mai kyau, ba kuma ina cewa a yar da ita ba. Amma wanda ya zo daga Legas ko Fatakwal ya zauna a kwamiti, in ya ga ka sunkuyar da kai kana magana ƙasa-ƙasa, ba ladabi zai gani ba, zai ɗauka ba ka san amsar ba ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Faɗin abin da ka yi, yadda ka yi shi, ba tare da ƙari ba, shaida ce ka bayar, kuma shaidar aka kira ka ka bayar. In kai ne ka fi kowa maki a ajinku, faɗa. In ka koyar da yara lissafi kyauta a sansanin 'yan gudun hijira na Anka, faɗa, ka faɗi abin da suka koya. Ka ɗaga kai, ka dubi wanda ya yi tambayar, ka bari ya kai aya kafin ka fara. In ba ka ji ba, ka nemi a maimaita. In ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, sannan ka faɗi yadda za ka bi ka gano. Malamin jami'a ya fi girmama wannan a kan kame-kame.

Da Turanci za a yi zaman, wannan kuma yana firgita da yawa daga cikin 'ya'yanmu. Ku kwantar da hankali. Ba a zo auna wanda ya fi iya karya harshe ba. Gajeriyar magana mai ma'ana ta fi doguwa mai sarƙaƙiya. Maganin tsoron kuwa ɗaya ne, gwaji. Ka nemi malaminka na sakandare, ko wani yayanka da ya taɓa shiga irin wannan zama, ka haɗa da wani da ba ka saba da shi ba. A jera kujeru, ka fita waje, ka ƙwanƙwasa ƙofa, ka shigo kamar gaske. Su tambaye ka wane ne kai, me ya sa wannan fanni, me ya sa za a zaɓe ka a bar wani, me za ka yi in ka dawo. A ɗauki zaman da waya, ka zauna ka kalli kanka. Za ka ga inda kake wasa da hannu, inda kake haɗiye ƙarshen magana, inda ka yi ta zagaye ba ka faɗi komai ba. Ka gyara, a sake. Amma kada ka haddace amsa kamar karatun allo, don da an canza fuskar tambaya za ka tsaya cak.

Sai takardu, inda ake yin asarar da ta fi ciwo, domin tun kafin a ji muryarka ake yin ta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ɗauko sakamakon WAEC ko NECO, da takardar digiri, da ta bautar ƙasa, da shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, da takardar haihuwa, da lambar NIN, ka shimfiɗa su ka duba. A wata an rubuta Muhammad, a wata Mohammed. A wata sunan mahaifi ne a ƙarshe, a wata sunan gari. A wata shekarar haihuwa ta sha bamban. Mu a gida mun san mutum ɗaya ne, amma mai tantancewa takarda yake gani. Gyaran irin wannan yana cin makonni, don haka tun yau za a fara. Ka kuma riƙa duba imel ɗinka kullum, domin ta nan gayyata ke zuwa, wani lokaci da ɗan gajeren wa'adi. Mun ga yadda aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021. Saboda haka ka sami wani amintacce a Gusau ko Sakkwato ko Zariya da zai riƙa duba maka in sabis ya ɗauke. In ta intanet za a yi ganawar, ka tafi inda sabis yake da ƙarfi tun ana gobe, ka cika waya da caji, ka gwada murya da hoto. In tafiya ce, kowa ya san halin hanyoyinmu: a yi ta da rana, a isa da kwana guda a hannu, a je a ga wurin tun kafin safiyar. Duk wanda kuma ya ce ka turo kuɗi zai sa sunanka, ɗan damfara ne. Tallafin gaskiya ba a sayensa.

Iyaye, musamman iyayen 'ya'ya mata da mazajen aure, ga taku. Yarinya ta yi ƙoƙari har an kira ta, kada a ce Kaduna ta yi nisa. A haɗa ta da yayanta ko kawunta su raka ta. Lokacin gubar dalma, mata ne ke cikin gidajen da ƙurar take, su ne ke jinyar yaran a asibiti. Yankin da ya sha wannan ya fi kowa sanin amfanin mace likita, mace masaniyar sinadarai, wadda za ta shiga har cikin ɗaki ta yi wa 'yar'uwarta bayani.

Akwai kuma haƙƙin da ya kamata mu sani. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019, ta ɗage hanin a watan Disamba na 2024. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, kuma cikin abubuwan da dokar ta ambata akwai tallafin karatu da koyon sana'a da horon fasaha da guraben aiki ga 'yan ƙasar. Don haka duk kamfanin da zai shigo Anka ko Bukkuyum, masarautu da shugabannin ƙananan hukumomi su tsaya a rubuta wannan da adadi: yara nawa a shekara, wane fanni, wa zai zaɓa, a ina za a yi tantancewar. A kuma yi ta a fili, a bar cancanta ta yi aiki, kada a mayar da ita rabon 'ya'yan manya. Ba daidai ba ne a ɗebi zinaren ƙasa, 'ya'yanta su ƙare a bakin rami da shebur, injiniyoyin kuma a kawo su daga wani wuri.

Yankin nan ba baƙon ilimi ba ne. Daga Gummi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya fito, aka tura shi ƙaro karatu Sudan a shekarun 1950, ya dawo ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962, ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, ya karɓi lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987. Daga Gummi Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi ya fito, ya shugabanci Babbar Kotun Birnin Tarayya Abuja kafin ya hau gadon sarautar garinsu. Waɗannan sun nuna ana iyawa, kuma ana dawowa gida da abin da aka samo.

Kiran ƙarshe ga 'ya'yan yankin da Allah ya ɗaga, malaman Jami'ar Tarayya ta Gusau da ta jiha a Talata Mafara, da na Sakkwato da Zariya, injiniyoyi da likitoci da ma'aikatan banki. Kun taɓa zama a wannan kujera, kun san yadda gumi ke karyo wa mutum. In kun zo gida hutun sallah, ku ware wuni guda, ku ari aji ɗaya a makarantar garinku, ku tara masu neman tallafi, ku duba takardunsu, ku yi musu tambayoyi masu zafi, ku gyara musu. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai su sa wannan cikin ayyukansu na shekara, su riƙa sanar da buɗewar kowane gurbi a masallatai da majalisu. Kai kuma ɗalibi, kada ka jira a kira ka. Yau da daddare ɗauki takarda ka rubuta matsala ɗaya da ka gani da idonka a garinku, ka rubuta ilimin da zai magance ta, ka rubuta wanda ke biyan kuɗin koyon wannan ilimi. Gobe ka nemi wanda zai zauna ya saurare ka. In an yi wannan, sai a haɗa da addu'a, a bar wa Allah sauran.

Allah ya ba 'ya'yanmu sa'a, ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya.